Kada Saurin Mai Zane Ya Haifi Nawar Mai Kallo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci kan wani al'amari da ya shafi matasanmu masu neman abinci da kwamfuta a Gombe da Bauchi, wato ƙananan manhajojin nan da ake maƙala wa manyan manhajojin zane ko burauza domin su hanzarta aikin zane mai motsi na shafukan intanet, waɗanda 'yan sana'a ke kira fulogin. Ni mai tsara shafuka ne a nan Gombe, ina yi wa makarantu masu zaman kansu da 'yan kasuwa da ƙungiyoyi aiki, ina kuma karɓar yara masu koyo, saboda haka abin da zan faɗa abu ne da nake gani a kan teburin aiki.

An ƙirƙiri waɗannan kayan aiki ne domin su rage wa mai zane wahala da ɓata lokaci, kuma babu shakka suna yin hakan, amma lokacin da suke ragewa a wajen mai zane sau da yawa yana komawa ne kan mai kallo, wanda zai zauna riƙe da ƙaramar waya yana jiran shafi ya buɗe alhali datarsa na zurarewa. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, sai dai a wannan sana'a mai yin saurin daban, wanda nawar ke faɗa wa daban, kuma shi na biyun ba a shawara da shi a lokacin da ake zaɓen kayan aiki.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, zane mai motsi a shafin intanet shi ne tambarin kamfani da yake harhaɗa kansa idan an buɗe shafi, ko 'yar da'irar da take juyawa lokacin da ake jiran kuɗi su fita a manhajar banki, ko rubutun da yake bayyana sannu a hankali yayin da mutum yake jan shafi zuwa ƙasa. A da, hanyoyi biyu aka fi bi wajen yin wannan. GIF, wanda kamfanin CompuServe ya fito da shi tun 1987, launuka 256 kawai yake iya ɗauka a kowane hoto, kuma nauyi gare shi domin hotuna ne ake jerawa ɗaya bayan ɗaya. Flash kuwa, wanda ya mamaye intanet shekara da shekaru, sai an girka masa wata manhaja a burauza kafin ya yi aiki, wayoyin iPhone ba su taɓa karɓarsa ba, daga ƙarshe kamfanin Adobe ya daina kula da shi a ranar 31 ga Disamba, 2020. Tun yana gargara aka fara ƙera kayan da suka gaje shi.

Mafi girman tasiri a cikinsu, a ganina, shi ne Bodymovin, wanda wani mai rubuta manhaja da ake kira Hernan Torrisi ya shirya domin a maƙala shi a After Effects, manhajar kamfanin Adobe ta yin zane mai motsi. Kafin zuwansa, mai zane yakan gama aikinsa ne ya miƙa bidiyonsa ga mai rubuta manhaja, shi kuma ya zauna yana kallo yana kwaikwayon motsin da lambobi, yana kintatar inda abu ya yi sauri da inda ya sassauta, aikin da kan ci kwanaki kuma da wuya ya fito daidai da yadda aka zana. Bodymovin ba ya ɗaukar hoton motsin. Bayaninsa yake rubutawa a cikin wani fayil na rubutu mai suna JSON, wato ya ce ga da'ira a wuri kaza, launinta kaza, za ta tashi daga nan zuwa can cikin daƙiƙa kaza, sai wayar mai kallo ta karanta wannan bayani ta zana abin da kanta. A shekarar 2017 injiniyoyin kamfanin Airbnb suka fitar da Lottie, wanda ya sa irin wannan fayil ya yi aiki a manhajojin Android da iPhone, kuma daga nan sunan Lottie ya bi tsarin gaba ɗaya. Ribar a fili take, domin tambarin da zai ci ɗaruruwan kilobayit a matsayin GIF yakan dawo gomomi kaɗan, ba ya dishewa komai girman allon da aka buɗe shi a kai, kuma idan mai ba da aiki ya ce a canja launi, ba sai an sake komai daga farko ba.

Akwai kuma waɗanda ba su kai Bodymovin suna ba, amma su ne suke rage gajiyar yau da kullum. Duk wanda ya taɓa motsa abu a kwamfuta ya san cewa idan abu ya tashi da gudu ɗaya ya tsaya da gudu ɗaya, ido yana ƙin sa, domin a zahiri komai yakan ɗauki gudu a hankali ya kuma sassauta kafin ya tsaya. Daidaita wannan lanƙwasar gudu da hannu a After Effects aiki ne mai cin rai, shi ya sa Flow da Ease and Wizz suka samu karɓuwa, domin suna ba mai zane jerin lanƙwasoshi da aka riga aka shirya, ya latsa sau ɗaya motsin ya yi laushi. Overlord da AEUX kuwa aikinsu jigila ne, suna kwaso zane daga manhajojin zane irin su Illustrator ko Figma su kai shi After Effects da sassansa a rarrabe, ba tare da an yi ta fitar da fayil ana sake shigar da shi ba. Mai son motsa mutum-mutumi, ya sa masa gwiwa da gwiwar hannu, yana da Duik, wanda wani Bafaranshe mai suna Nicolas Dufresne ya shirya kuma ake saukewa kyauta, ko RubberHose wanda ake saya. Ita ma Figma, tun da ta buɗe ƙofa ga fulogin a shekarar 2019, an cika ta da irin su Figmotion da Jitter da na LottieFiles, waɗanda suke ba yaro damar ya motsa zanensa ya fitar da shi ba tare da ya taɓa buɗe After Effects ba.

Ta ɓangaren masu rubuta manhaja, babban labari shi ne na GSAP, wani kundin kayan rubuta motsin shafi da lambobi, wanda Jack Doyle ya assasa tun zamanin Flash. Yana da nasa ƙarin, irin su ScrollTrigger da yake ɗaure motsi da jan shafi, da MorphSVG da yake rikiɗa wata siffa ta koma wata, da SplitText da yake rarraba rubutu harafi-harafi ko kalma-kalma domin kowanne ya yi nasa motsin. Wasu daga cikin waɗannan a da sai mai biyan kuɗin shekara yake samunsu, amma bayan kamfanin Webflow ya sayi GSAP a watan Oktoban 2024, sai aka sanar a watan Afrilun 2025 cewa an mayar da komai kyauta, har ga mai aikin kasuwanci. Wannan alheri ne babba ga yaro a Tumfure ko Gwallameji wanda ba shi da dalar biya, kuma na yi mamakin yadda har yanzu wasu suke yawo da tsofaffin kwafen sata na abin da yanzu mai shi yake bayarwa a fili.

Duk wannan gaskiya ne, kuma ban zo domin in hana kowa amfani da su ba. Inda take ƙasa tana dabo shi ne a wayar mai kallo. Domin motsi ya yi santsi a ido, yawancin wayoyi suna sabunta allonsu sau 60 a cikin daƙiƙa guda, ma'ana waya tana da kimanin kashi 16 cikin 1000 na daƙiƙa ta gama lissafin kowane hoto ta zana shi. Idan lissafin ya wuce wannan ɗan lokaci, sai ta tsallake hoto, a ga motsin yana gantsarewa, waya ta ɗauki zafi, batir ya riƙa sauka. Masana burauza sun daɗe da bayyana cewa matsar da abu ko juya shi ko girmama shi ta hanyar transform, da kuma dusar da shi ta hanyar opacity, su ne suka fi sauƙi ga waya, domin ba sa tilasta mata ta sake auna tsarin shafin. Amma canja faɗi ko tsawo ko tazarar abu yana sa ta sake lissafin duk abin da yake kewaye da shi, hoto bayan hoto. Fulogin ba ya gaya wa yaro wannan. Shi dai ya latsa, ya ga abu ya yi kyau a kwamfutarsa, ya miƙa aiki. Lamarin kamar na tela ne da ya samu keken zamani mai gudu ya gama riga kafin azahar, alhali bai ɗauki awon mai rigar ba.

Lottie ɗin da na yaba ma yana da nasa sharuɗɗan. Fayil ɗin motsin ƙarami ne, amma kafin ya yi aiki a shafi sai an sauke manhajar da take karanta shi, wadda cikakkiyarta ta haura kilobayit 200 kafin a matse ta, saboda haka wanda ya jawo ta domin kibiya guda da take lilo a ƙasan shafi ya yi asara, tunda layuka kaɗan na CSS, wato harshen da ake tsara kamannin shafi da shi, za su yi masa wannan aikin. Haka kuma ba duk abin da After Effects yake iya yi ne Lottie yake fahimta ba, domin da yawa daga cikin ƙawace-ƙawacen haske da inuwa ba sa fita, yawan rufe wani sashe da wani yana nauyaya waya, kuma wanda ya cusa hoton kyamara a cikin zanen ya rushe amfanin tsarin gaba ɗaya, fayil ɗin zai kumbura ya koma abin da aka guda. Mafi yawan ɓarnar da nake gani, duk da haka, ba daga After Effects take zuwa ba. Daga shafukan da ake ginawa da manhajar WordPress take zuwa, inda ake sayen samfurin shafi ko a sauke na kyauta, a ɗora masa fulogin tsara shafi mai suna Elementor, sannan a ƙara masa fulogin na motsi uku ko huɗu, kowanne da nasa kayan da yake saukewa ko an yi amfani da su ko ba a yi ba, har ya zama kowane kanun magana sai ya shigo daga hagu, kowane hoto sai ya yi tsalle, lambar wayar makaranta ma sai an jira ta gama shawagi kafin a karanta.

To, wane ne yake buɗe wannan shafi? Uba ne a Dukku ko Nafada da yake son ganin sakamakon jarrabawar 'yarsa, ko ɗalibi a Azare da yake neman ranar rufe rajista, ko ɗan kasuwa a Muda Lawal da yake son farashin kaya. Wayar da take hannunsa galibi itel ce ko Tecno ko Infinix mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, datar kuma ta kwana ɗaya ce ko ta mako, wadda ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025. Kamfanin Google, a ma'aunansa na ingancin shafi, yana ɗaukar cewa ya kamata babban abin da yake kan shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma wannan yana cikin abubuwan da yake dubawa wajen jera shafuka a sakamakon bincike. Wanda ya ɓoye rubutunsa a bayan motsin buɗewa mai tsawo ya cuci mai kallo, ya kuma cuci mai shafin da ya biya shi, domin mutumin da ya gaji da jira komawa WhatsApp yake yi ya tambayi wani.

Abin takaici shi ne kayan awon suna nan kyauta, amma su ne ba a koyarwa. A cikin Chrome da kowa yake da shi akwai kayan awon da ake kira DevTools, ba sai an sauke komai ba. A nan mutum zai iya rage ƙarfin kwamfutarsa ninki huɗu ko shida domin ta kwaikwayi ƙaramar waya, ya rage gudun intanet ya koma na 3G, sannan ya sake buɗe aikinsa ya ga yadda talaka zai gan shi. Akwai sashen duba motsi da yake rage gudunsa zuwa kashi 25 ko kashi 10 cikin 100 domin a gane inda yake tuntuɓe, ana kuma iya gyara lanƙwasar gudun a nan take. Akwai Lighthouse da yake auna shafi ya lissafo abin da ya yi masa nauyi. A wajen Chrome kuma akwai SVGO, da shafin SVGOMG da Jake Archibald ya gina a kansa, waɗanda suke tsefe fayil ɗin zane na tsarin SVG su zubar da tarkacen da manhajar zane ta bari a ciki, da tsarin dotLottie da yake matse fayil ɗin Lottie ya ƙara ƙanƙancewa. Ni a wurina waɗannan su ma kayan hanzarta aiki ne, domin aikin da aka dawo da shi gyara bayan an miƙa bai yi sauri ba. Ina kuma shawartar duk mai wannan sana'a ya ajiye tsohuwar waya mai araha a aljihun teburinsa, kada ya miƙa wani aiki sai ya buɗe shi a kanta da data, ba da waifai na ofis ba.

Akwai wata matsala da ta keɓanta da mu, wadda masu ƙera waɗannan kaya a Amurka da Turai ba su da dalilin tunawa da ita, wato haruffanmu masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Yawancin salon haruffan da suke zuwa tare da samfuran motsi ba su ɗauke da su, saboda haka idan aka rubuta Hausa sai a ga gurbi, ko ɗan akwati, ko harafi guda da aka aro daga wani salo ya fita daban a tsakiyar kalma. Maimakon a canja salon, sai yaro ya cire lanƙwasar ya rubuta Hausa gurguwa, a haka za a ɗora ta a shafin makaranta. Maganin ba shi da tsada, domin Noto Sans na Google, da Andika da Charis na ƙungiyar SIL, duk suna ɗauke da waɗannan haruffa kuma kyauta ne; abin da ake buƙata kawai shi ne a gwada salon da jimlar Hausa tun kafin a fara aiki. Ajami kuma nasa ya fi wannan, domin haruffansa a sarƙe suke da juna, siffar kowanne ta dogara da na gabansa da na bayansa, don haka idan aka sa fulogin mai rarraba rubutu harafi-harafi, haruffan sukan tsinke kowanne ya tsaya shi kaɗai, rubutun ya lalace. Mai yi wa makarantar Islamiyya ko masallaci aiki ya rarraba rubutun kalma-kalma ko layi-layi. A kuma sani cewa rubutun da aka mayar zane a cikin Lottie ya daina zama rubutu: injin bincike ba zai karanta shi ba, ba a iya kwafarsa, manhajar da take karanta wa makafi allo ma ba za ta gan shi ba, saboda haka suna da adireshi da sanarwa su zauna a matsayin rubutu na gaske.

Sai batun tsaro, wanda a nan ne na fi jin tsoro. Fulogin manhaja ce da mutum ya shigar da ita cikin gidansa da hannunsa, kuma na burauza da yawa suna neman izinin karantawa da canja duk abin da yake kan shafukan da mutum ya buɗe, har da na banki da na imel. A watan Fabrairun 2021 Google ya cire wani fulogin na burauza mai suna The Great Suspender daga kasuwar Chrome saboda an same shi da mugun abu bayan ya canja hannu, alhali mutane kimanin miliyan 2 suna amfani da shi. Mafi kusa da sana'armu, a ƙarshen Oktoban 2024 ɓarayi sun samu shiga asusun da ake fitar da lottie-player, wata manhajar da take kunna Lottie a shafi, suka saki sigogi na 2.0.5 zuwa 2.0.7 ɗauke da wata taga da take neman masu ziyara su haɗa asusun kuɗinsu na kirifto domin a wawashe shi. Shafukan da abin ya shafa su ne waɗanda aka saita su riƙa jawo sabuwar siga kai tsaye duk lokacin da ta fito, waɗanda suka ɗaure shafinsu da takamaiman tsohuwar siga kuwa ba su kamu ba. Idan haka ta faru da kayan da aka sauke daga hanya ta halal, ina ga wanda aka fasa aka tura a zauren Telegram ko aka kwafa a filas a shagon gyaran kwamfuta? Yaron da ya ɗora fasasshen fulogin a shafin makaranta ya buɗe ƙofa ga bayanan ɗaruruwan ɗalibai, kuma ranar da abin ya fashe sunansa ne zai ɓaci a gari, ga shi dama haƙƙin mai kaya yana wuyansa.

Na san dalilin da yake kai yara ga haka. Adobe kuɗin wata-wata yake karɓa, fulogin masu kyau da dala ake sayensu, kuma tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, abin da ake gani ƙaramin kuɗi a can ya zama babban kuɗi a nan. After Effects kansa yana neman kwamfuta mai ƙwaƙwalwa gigabayit 16, alhali yawancin masu koyo 'yar gwanjo ce a hannunsu mai 4 ko 8. Amma rashin kuɗi bai kai ga sata ba, tunda akwai Inkscape na zane, akwai Glaxnimate da yake fitar da Lottie kai tsaye, akwai Blender, ga Duik da GSAP da na ambata, duk kyauta. Wajen zaɓe kuma a yi la'akari da halin da muke ciki: kayan da suke aiki a cikin burauza, irin su Figma da Jitter, ba sa neman babbar kwamfuta amma ba sa yi sai da intanet, waɗanda ake girkawa kuwa suna aiki ko babu sabis amma wasunsu suna shan batir. Wanda ya ga yadda lalacewar manyan layukan wuta ta bar Gombe da Bauchi da sauran jihohin Arewa cikin duhu na kwanaki a watan Oktoban 2024 ya san cewa bai kamata sana'ar mutum ta rataya a kan hanya guda ba.

Lafiyar mai kallo ma tana cikin lissafi, ko da yake ba a cika zancenta ba. Akwai mutanen da yawan shawagin shafi yake sa su jiri da tashin zuciya, akwai kuma masu farfaɗiya da walƙiya mai sauri kan tayar musu da ciwo. Ƙa'idojin WCAG na duniya, waɗanda suka shafi sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman amfani da shafuka, sun hana abu ya yi walƙiya fiye da sau 3 a daƙiƙa guda, sun kuma ce duk abin da ya fara motsi da kansa ya wuce daƙiƙa 5 a gefen wani rubutu, a ba mai kallo hanyar tsayar da shi. Wayoyin Android da iPhone duk suna da wurin da mutum zai nemi a rage masa motsi, burauza kuma tana isar da wannan buƙata ga shafi, aikin mai tsarawa kawai ya sa 'yan layukan da za su girmama ta. Samfuran da ake saukewa ba duka ne suke yin haka da kansu ba, sai an duba.

Saboda haka ina kira ga malaman kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Bauchi, da Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere, da masu horarwa a ƙarƙashin shirin 3MTT na horar da matasa fasahar zamani da ma'aikatar sadarwa ta tarayya ta ƙaddamar a 2023, da masu ƙananan cibiyoyin koyar da kwamfuta a unguwanni, da su sauya jerin darasi. A fara sa ɗalibi ya motsa akwati guda da CSS da hannunsa, ya gane mene ne tsawon lokaci da jinkiri da lanƙwasar gudu, ya ga da idonsa bambancin motsin da yake wahalar da waya da wanda ba ya wahalar da ita, bayan nan a ba shi fulogin. Wanda ya bi wannan hanya, idan fulogin ya daina aiki bayan an sabunta manhaja, ko mai shi ya yi watsi da shi kamar yadda yake faruwa da su da yawa, zai iya buɗe ciki ya gyara. Wanda latsawa kawai ya iya kuwa zai zauna jiran wani ya saki bidiyo a YouTube. Wajen ba da maki ma, a daina duba aikin ɗalibi a babban allon aji kaɗai, a buɗe shi a ƙaramar waya a gabansa, a rubuta nauyin shafin da daƙiƙoƙin da ya ɗauka kafin ya buɗe a cikin makin.

Masu ba da aiki su ma suna da nasu kason, domin sau da yawa su ne suke nuna wa mai zane shafin wani kamfani na ƙasar waje su ce irin wannan suke so, komai ya motsa. Haƙƙin mai makaranta ko mai shago ne, kafin ya biya cikon kuɗi, ya buɗe shafin a wayar maigadinsa ko ta direbansa, ya nemi a rubuta masa jerin fulogin da aka ɗora da inda aka samo kowanne da wanda zai riƙa sabunta su, kuma a sa wannan a cikin yarjejeniya.

Gare ka kuma, Malam Edita, ina roƙon jaridarku ta ware ɗan fili lokaci-lokaci domin a riƙa gwada irin waɗannan kayan aiki da Hausa, a faɗi farashinsu da naira, da irin kwamfutar da suke buƙata, da ko suna karɓar haruffanmu, domin matasa da yawa suna sayen abu ne bisa tallan da aka yi wa wasu mutane masu wani hali daban da namu. Akwai masu wannan sana'a a Gombe da Bauchi da za su rubuta muku ba tare da neman ko sisi ba, kuma ni a shirye nake in fara da bayanin yadda ake auna shafi da DevTools mataki-mataki idan kun ba da dama.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah Ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani mai tsara shafukan intanet,
Unguwar Jekadafari, Gombe.